Kayen bashin Kawu cikin waya: rigimar 'yar alamar buɗewa da rufewa

Litinin 6 Oktoba 2025

Yau ranar kasuwa ce, na wuni rumfar Kawu can babbar kasuwar Maradi, kuma yau ne karo na farko da na miƙa mai wayar ya riƙe aplikasiyon ɗin da hannunshi. Aikin dai ga shi: kayen bashinshi guda uku, wato littattafan da yake rubuta bashi, waɗanda ruwa ya taɓa jiƙa ɗaya daga ciki bara, nike son in maido cikin waya, kowane mai bashi da layinshi, in an taɓa layin sai ya buɗe a ga buhu nawa ya ɗauka na gero ko wake ko aya, yaushe, nawa ya biya, nawa ya rage. Tun farko Kawu ya kafa mini sharaɗi guda, ya ce kada kuɗin kowa ya fito fili kan ekran, suna kawai, saboda mutum shina iya tsayuwa bayanka shina leƙe ya ga maƙwabcinshi ana bin shi jika 80, kuma gobe maganar ta kai unguwa. Ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa amma ba a nuna shi. To shi ya sa kowane layi dole ya zo a naɗe, sai mai wayar ya so ya warware.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu bai san layin yana buɗewa ba. Ya kalli sunayen, ya ja ƙasa ya ja sama, ya ce to ina kuɗin, ɗana? Ban sa wata alama ba ko ɗaya, na ɗauka kowa zai taɓa suna. Ba wanda ya taɓa. Yaron shago ma da ya fi shi sabo da waya jira ya yi in nuna mai. Sati wanga aikina kenan, neman alamar da za ta ce ma mutum akwai abu ciki.

Alhamis 9 Oktoba

Na sake rubuta layukan da details da summary na HTML, harshen da ake gina shafin intanet da shi, na watsar da JavaScript ɗin da na fara da shi. Amfaninsu shi ne burawuza da kanta take kula da buɗewa da rufewa, kuma tana kawo 'yar alwatika baƙa gefen suna, tana kallon dama in abu yana rufe, ta juyo ƙasa in an buɗe. Chrome ta daɗe da shi, Firefox ta karɓe shi 2016, saboda haka ko tsohuwar waya ba matsala. Alwatikar ga tsohuwa ce sosai, Apple ta sa ta cikin Finder, wurin duba dosiye na kwamfutar Mac, tun System 7 a 1991 don a warware dosiye ba tare da an buɗe sabuwar taga ba, duk wanda ya zauna gaban kwamfuta ya san ta. Na ji daɗi, na ce an gama.

Juma'a 10 Oktoba

Ba a gama ba. Bayan masallaci na kai ma Kawu, ya ga alwatikar, ya danna ta nan take, abin ya buɗe, amma shi ya riga ya ɗaga wayar ya kai kunne. Ya jira, ya ce ba ta magana. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci kafin in gane, alwatika mai kallon dama wurin Kawu vokal ce ta WhatsApp, ita yake dannawa sau ɗari a wuni ya ji mutanen ƙauye suna gaya mai nawa anka sayar da tiya, ita yake dannawa ya ji wa'azi, bai taɓa ganinta tana nufin wani abu ba banda murya. Kuma gaskiyarshi. Ya ce ai da ma ya ɗauka na sa muryar kowane mai bashi ne yana faɗin abin da ya ɗauka, har ya ce wannan da ya yi kyau don ba mai musu. Na rubuta shawarar ga gefe, wata rana, ba yanzu ba.

Akwai kuma wata matsalar da na gano da dare. Na gwada canza alwatikar burawuza da harafin ▶ na Unicode don in ƙara mata girma, sai wayar ƙanwata ta maida shi emoji, buton mai launi sak na kunna waƙa. Akwai dabarar da ake ƙara wata lamba ɓoyayya, U+FE0E, bayan harafin don a ce ma waya ta bar shi rubutu, amma ba kowace waya ke ji ba. Daga yau duk alamar da zan gwada SVG ce, wato zane ba harafi ba, in zana abina.

Talata 14 Oktoba

Na koma ma alamar tarawa da ta ragewa cikin ɗan akwati, irin na Windows XP da munka koyi kwamfuta da shi, inda kowane dosiye gefen hagu ke da + in yana rufe, − in an buɗe. Microsoft da kansu sun bar ta daga Vista sunka koma alwatika, amma ni na ce ko ba komi + ba ta kama da vokal.

Wanga karo Inna na fara kai ma, matar Kawu, ita ma tana ba da man gyaɗa da ƙuli bashi cikin unguwa kuma ta ce in an gama ita ma tana so. Ta kalli sunan wata mata da + gefenshi ta ƙi taɓawa. Na ce Inna taɓa mana. Ta ce a'a, in na taɓa ai ƙara mata bashi zan yi, ita ba ta ɗauki komi ba yau. Da na buɗe da kaina alamar ta koma − sai ta ce to kai yanzu ka rage mata kenan? Nan jikina ya yi sanyi don wannan ya fi na vokal haɗari nesa ba kusa ba, na vokal kuskure ne da ba ya cutar da kowa, mutum ya kai waya kunne ya ji shiru shikenan, amma wanga zai sa mutum ya ji tsoron kayenshi, ko ya yi zaton an taɓa lissafi alhali ba a taɓa ba, kuma in aminci ya fita tsakanin ɗan kasuwa da kayenshi to aikin ga duka ya mutu. A shafin tambayoyi da amsoshi + tana yin aiki lafiya don ba kuɗi kusa. Cikin kayen bashi kuwa + da − suna da aikinsu tun kafin a ƙirƙiro waya, da bik ake rubuta su, ba ni da ikon ƙwace masu shi.

Wani abokina a fada ya ce in yi irin wadda + take juyawa ta zama × in an buɗe, ya nuna mini a wani shafi, tana da kyau ƙwarai in tana juyawa. Ban ko gwada ba. × gefen sunan mai bashi, kowa zai ce an soke.

Lahadi 19 Oktoba

Kwana uku ban taɓa aikin ba, kuran na zuwa na tahiya kuma batirin kwamfutata ba ya riƙewa, ga shi kaka ta shigo Kawu na buƙatar hannu wajen awo. Amma na yi amfani da zaman, duk wanda ya zo rumfa da waya mai shafawa sai in roƙe shi ya nuna mini abin da ya fi buɗewa, ina kallon alamomin da idonshi ya saba da su. WhatsApp, Facebook, TikTok, sai wurin duba kiredi. Na zana su cikin kaye. Kibiya mai kallon ƙasa, balle in da layi ƙarƙashinta, wurin kowa telesharje ce, wato sauko da abu cikin waya, kuma telesharje mega take ci, saboda haka hannu yana gudunta. Ɗigo uku menu ne. 'Yar > mai kallon dama a ƙarshen layi tana nufin za a kai ka wani shafi, haka take cikin saitin iPhone da wayoyi da yawa. Alwatika mai kallon sama ko ƙasa kusa da lamba kuwa, duk wanda ya taɓa bin canjin naira da sefa ya san ta, kuɗi ya hau ko ya faɗi, kuma Maradi wa bai bin canji, rabin cinikinmu da Jibiya da Katsina ne.

Kusan duk alamar da na ɗauko sai in tarar tana da mai ita. Wadda ta rage ita ce 'yar siririyar V ɗin nan, masu zane na ce mata shebron, ni igiyar kofur nike ce mata don haka take a hannun rigar soja. Ita ce Google ke amfani da ita cikin Material, tsarin zanensu, da sunan expand_more da expand_less, ita ce kan sassan Wikipedia in an buɗe ta waya. Na kuma karanta gwajin da Nielsen Norman Group, masu binciken yadda mutane ke amfani da waya da kwamfuta, sunka yi 2020 kan wanga batu daidai, sun gwada V da + da kibiyar dama da rashin alama, V mai kallon ƙasa ita ta fi sa mutane su yi tsammanin abu zai buɗe nan inda yake ba a kai su wani shafi ba. Amma mutanen da anka gwada can ba su ne ke zaune rumfar Kawu ba, don haka na ɗauke shi a matsayin dalilin gwadawa kawai.

Laraba 22 Oktoba

Na zana V, na sa ta ƙarshen layi hannun dama. Sai tambayar da ta cinye mini dare: in layi yana rufe, ƙasa za ta kalla ko sama? Akwai masu cewa alama ta nuna halin da abu ke ciki, akwai masu cewa ta nuna abin da zai faru in ka taɓa. Alwatikar Apple hali take nunawa, in ta kalli ƙasa to a buɗe yake. V ta Google aiki take nunawa, in ta kalli ƙasa to a rufe yake, taɓa ya sauko. Wato alama biyu masu kallon wuri guda, ma'ana kishiyar juna, kuma dukansu suna cikin waya ɗaya wani lokaci. Na bi ta Google don wayoyin kasuwa kusan duka Android ne, Tecno da Itel da Infinix, rufe tana kallon ƙasa, buɗe ta juya sama. Na sa juyawar ta ɗauki ɗan lokaci kaɗan, ƙasa da rabin daƙiƙa, don ido ya ga cewa ita ce dai ta juya ba wata sabuwa ta fito ba.

Juma'a 24 Oktoba

Mutum bakwai na gwada ma yau, Kawu da yaron shago da maƙwabtan rumfa biyar. Ba na cewa komi sai in ce nuna mini nawa ake bin wane. Huɗu sun taɓa layin ba tare da tambaya ba, biyu sun tambaya mi wannan, ɗaya, wani dattijo mai sayar da riɗi, ya ce ai alamar an biya ce, maki irin na malamin lekwal, ko irin na WhatsApp in saƙo ya tahi. Da na duba da kyau sai na ga laifina ne, V ɗin tawa ta yi tsini da yawa kuma na sa mata kore. Na buɗa ƙafafunta ta yi faɗi, na daidaita su tsawo guda, na maida ta baƙa-baƙa.

Rana ma ta koya mini abu. Cikin ɗaki toka-toka mai haske tana da kyau, amma ƙarfe ɗaya na rana bakin rumfa, ekran ya sha ƙura ga tsaga ga haske an rage don batiri, ba a ganinta sam. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, ta sauƙaƙa ma kowa amfani da shafin intanet, ta ce alama irin wagga ta bambanta da bayanta aƙalla 3 bisa 1, ni na wuce haka da nisa, kuma na ƙara kaurin layin. Sannan wurin taɓawa, Android na ba da shawarar girmanshi ya kai 48dp (dp ma'aunin girma ne kan ekran), Apple 44, amma ni layin gaba ɗaya na sa ya zama wurin taɓawa daga suna har ƙarshe, tsawonshi 56, saboda yatsan mai awon gero ba ya saitin 'yar alama, kuma sau da yawa da hannu ɗaya yake riƙe da waya ɗayan na cikin buhu.

Talata 28 Oktoba

Huɗu cikin bakwai bai ishe ni ba, sai na ce in ƙara kalma kusa da V ɗin. Ai Facebook da WhatsApp in rubutu ya yi tsawo kalma suke sawa, ba zane ba, kuma ko wanda bai iya faransanci ba ya haddace siffar voir plus. Ni da Hausa zan sa, da ma dukan aplikasiyon ɗin da Hausa yake.

Na rubuta Buɗe in yana rufe, Rufe in yana buɗe. Ƙanwata ta karanta ta ce yaya wannan ƙarya yake yi, ya ce buɗe alhali a rufe yake. Na ce ai umarni ne, buɗe shi. Ta ce to ni ƙaƙa zan sani? Na zauna na yi ta juya maganar, ashe rigimar hali da aiki da na yi da V ita ce ta biyo ni cikin harshenmu, a baki muna rarrabe buɗe ta umarni da buɗe ta ƙofa tana buɗe, amma a rubuce boko harafi huɗu ne iri ɗaya, ba karin sauti ba komi. Ɓoye haka, naɗe haka, rufe haka, duka suna da fuska biyu. Na jera kalmomi wajen goma sha biyar ina nema wadda ba za a karanta ta hali ba. Duba ta tsira, ba a cewa abu yana duba da nufin a buɗe yake. Ta rufewar ce ta wahalshe ni har Inna da ke jin mu daga madafa ta ce ku sa rufa mana, ba rufa asiri ake cewa ba? Rufa. Ba a cewa a rufa yake, umarni ce tsantsa, kuma ita ce daidai abin da Kawu ya nema tun ranar farko. Ƙari kuma Duba da Rufa ba su da ɗ ko ɓ, waɗanda wasu tsofaffin wayoyi ke nunawa da wani irin rubutu daban ko akwati.

Yanzu layin haka yake: suna a hagu, ƙarƙashinshi da ƙananan baƙi shiga 3 ko shiga 7 wato sau nawa anka rubuta mai abu, a dama Duba da V. Lambar shigar ita ma alama ce, tana ce ma mutum akwai abu uku nan ciki, amma ba ta tona kuɗi.

Asabar 1 Nuwamba

Limamin masallacin layinmu, abokin Kawu ne, ya ga abin ya tambaya ko za a iya rubuta sunaye da ajami don shi da mutanenshi sun fi saurin karanta shi. Na gwada sa dir="rtl", mai sa rubutu ya tashi daga dama, in ga mi zai faru. Layin duka ya juya, suna ya koma dama, Duba ta koma hagu, kuma nan na ga wata riba da ban nema ba, V mai kallon ƙasa da sama ba ruwanta da hagu ko dama, ba abin da zan juya. Da alwatika ce ko > da dole a madubance ta, in an manta sai ta riƙa nuna bayan rubutu. Ajamin kanshi babban aiki ne, akwai batun font da wasulla, na ajiye shi sai bayan kaka.

Na kunna TalkBack, mai karanta ma makafi abin da ke kan ekran, kuma na rufe ido na bi layukan. Da yake details da summary na yi amfani da su, tana faɗin a naɗe ko a warware da kanta ba sai na sa aria-expanded ba. Sai dai tana karanta V ɗin a matsayin hoto marar suna, na sa mata aria-hidden ta yi shiru.

Litinin 3 Nuwamba

Ranar kasuwa, cike maƙil, aya na shigowa. Na zauna gefe ban ce komi ba na bar Kawu da wayar. Wani ya zo biya, Kawu ya nemo sunanshi, ya taɓa, ya karanta mai, ya karɓi kuɗi. Bai kai waya kunne ba, bai kira ni ba. Amma bai rufe ba, na biyu ya zo ya buɗe nashi, na uku haka, kafin azahar layi biyar a buɗe kan ekran kowa da kuɗinshi a fili, abin da ya ce kada ya faru. Da na nuna mai ya ce ɗana ni ina da lokacin rufa-rufa ana jirana?

To wannan ba aikin alama ba ne, nawa ne. Akwai name da ake sa ma details tun Chrome 120, in duka suna da suna ɗaya buɗe ɗaya na rufe sauran, na sa shi da dare. Wayar yaron shago burawuzarta ta tsufa ba ta san shi ba, don haka na ƙara layi kaɗan na JavaScript su yi aikin in babu. Na kuma sa in waya ta kwana ko an fita aplikasiyon ɗin a dawo, komi ya koma a naɗe.

Juma'a 7 Nuwamba

Na maimaita gwajin da mutum takwas, biyar sababbi. Bakwai sun buɗe ba tambaya. Na takwas ba ya karatu ko kaɗan, boko ko ajami, ya tsaya yana kallo sai da yaron shago ya taɓa gabanshi sau ɗaya ya ga V ta juya, daga nan ya riƙa yi da kanshi har yana buɗe na wasu sai da Kawu ya karɓe wayar. Dattijon riɗi ya dawo, bai ƙara cewa maki ba ne.

Sabuwar matsala guda: tunda buɗe ɗaya na rufe na sama, in na saman dogo ne sai shafin ya yi tsalle, sunan da ka taɓa ya gudu daga ƙarƙashin yatsanka, sau biyu Kawu ya ɓace yau ya koma nema. Gobe zan gwada riƙe layin da anka taɓa wuri guda kafin na saman ya naɗe. Inna kuma ta aiko ƙanwata da kayenta na man gyaɗa, shafi goma sha ɗaya, wasu sunayen ba suna ba ne, zane ne da ita kaɗai ta san mai shi, sai Lahadi in zauna da ita ta faɗa mini su ɗaya ɗaya.